Kifinmu ne, amma baƙi sun fi mu saninsa

Akwai wani ɗan kifi da ba a samunsa a ruwan kowace ƙasa sai Najeriya, a kogin Ogun da ƙasan kogin Neja. Masu kiwon kifin ado a Jamus da Ingila sun san shi sarai, da Turanci ana ce masa tetra na Neja. Tun 1909 George Boulenger ya rubuta bayaninsa, daga baya aka sa masa suna Arnoldichthys spilopterus. A nan gida kuwa, ko ɗan jami'a ka nuna wa hotonsa, sai ya ce maka kifin Turawa ne.

Gane shi ba wuya. Bai cika santimita 10 ba, amma ɓawon jikinsa manya-manya ne. Saman idonsa ja wur, kamar wanda ya kwana bai runtsa ba, sannan ga baƙin tabo a fiffiken bayansa. Namiji na da ratsi-ratsi a fiffiken ƙasa, kusa da wutsiya. Mace tabo ne da ita a wurin. Danginsa na nesa su ne kawara da tsage, waɗanda ni dai a kasko na fara saninsu.

Mazauninsa ƙoramun kurmi ne, inda itatuwa ke rufe ruwa da inuwa, ƙwari na faɗowa, shi kuma yana bin su garke-garke. An sare itatuwan, ɗanyen mai na malala a ruwan. Shi ya sa ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka shi cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa.

Na san abin da za a ce: ana ta kai, wa ke ta kaya? Ban yarda ba. A garin Barcelos na Brazil, gidaje da dama da wani ƙaramin tetra na kogin Negro suke cin abinci, suna kamawa da rai ana kai wa ƙasashen waje. Da yake kifin ba ya rayuwa in babu kurmi, masuntan da kansu ke kare dajin.

Muna da cibiyar binciken kifi a New Bussa. Ta binciko inda kifin namu ya rage, ta koya wa matasa yadda ake haifar da shi a tanki. Gwamnatocin jihohin da abin ya shafa kuma su hana sarar itace a bakin ƙoramun.