Tawakkalin Mai Jirgi Da Tawakkalin Mai Babur

Wannan makon ni aka ba fili, kuma na san abin da zan taɓo zai sa wasu su ɗaga gira, don haka a yi haƙuri a kai ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Ina da wani aboki Kirista da muka yi difloma tare a Ƙaura Namoda. Bayan mun gama, cocinsu ta tura shi wani asibitin mishan a Jamhuriyar Nijar ya yi wata shida yana koyon aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Bai cika wata guda ba zazzaɓin cizon sauro da taifod suka haɗu suka kwantar da shi. Wani dare ya kira ni, muryarsa kamar ba tasa ba, ya ce ba ciwon ne ya fi damunsa ba, kunya ce: ya zo taimakon marasa lafiya, ga shi an ba shi gadon da wani ya kamata ya kwanta. Ya ce labarin Annabi Ayyuba yake ta maimaitawa. Na ce masa ai mu ma muna da shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ya kwatanta likitan da ke duba shi. Sai ya dafa shi ya yi masa addu'a, sannan ya ɗaura ƙarin ruwa, sannan ya duba agogo don kada lokacin allura ya wuce.

Ba tallar mishan nake yi ba. Na san abin da ya kawo su, sun san abin da na yi imani da shi, kuma ba mu haɗu a aƙida ba. Amma tarihinsu akwai abin dubawa a ciki. A ƙarshen 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasashenmu na Arewa. Sa'o'inmu ne a shekaru. Cikin 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, shi kuwa Bingham zazzaɓi ya kora shi gida. Imani ba su rasa ba, har ya yi musu yawa. Waɗanda suka biyo bayansu a ƙungiyar SIM sai suka riƙe imanin, suka haɗa da kwinin da gidan sauro, daga baya suka shiga gina asibitoci. Na Galmi, can tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, tun 1950 yake aiki, kuma har yau Hausawa daga ɓangarorin iyaka biyu suna zuwa.

Sai kuma 2014, lokacin Ebola. Wani likita Ba'amurke mai suna Kent Brantly ya kamu da cutar yana aikin mishan a asibitin ELWA da ke Laberiya. An ba shi maganin gwaji na ZMapp, aka ɗauke shi a jirgi na musamman zuwa Atlanta, ya warke, ya fito gaban 'yan jarida ya gode wa Allah. Ban ga laifinsa ba, ni ma da haka zan yi. Amma a ƙarshen watan Yuli na wannan shekarar Dakta Sheik Umar Khan na Saliyo, wanda ya jinyaci ɗimbin masu Ebola a Kenema, ya rasu ba tare da an fitar da shi waje a jirgi ba. Wa zai ce wancan ya fi wannan dogaro ga Allah? Bambancin da idona ke gani shi ne, ɗaya akwai jama'a a bayansa da suka tanadi kuɗi da hanya tun kafin ya kwanta.

To mu dawo gida, inda maganar ta fi zafi.

Mu mutanen Anka da Bukkuyum ba sai an ba mu labarin 2010 ba. Gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Yargalma da Sunke, saboda ana niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, ƙurar ta shiga ƙasa da abinci da hannun yaro mai rarrafe. Yara suna ta suma da farfaɗiya, ana cewa iska ce, ana cewa lokaci ne. Ma'aikatan MSF ne suka lura da yawan sababbin kaburburan yara, aka gwada jini, aka gano dalma. Kuma maganin da ke fitar da gubar ba ya amfani idan yaro zai koma wasa a kan ƙasar da ta gurɓace, dole sai an kankare ƙasar gidajen an zuba sabuwa. Shi ya sa yaran Bagega suka yi ta jira har 2013. Addu'a an yi ta a kowane gida, kuma ban taɓa raina ta ba, ita ce ta riƙe iyaye mata da yawa daga zaucewa. Amma ƙasar nan da shebur aka kwashe ta.

Na san abin da wani zai ce: ajali ba ya wuce lokacinsa. Gaskiya ne, ban musa ba. Kakata a Gummi ma takan ce, "Wanda yak kawo cuta shi ka ɗauke ta." Sai dai ita ce kuma mace ta farko da za ta saɓa jika a baya ta nufi asibiti in jikinsa ya yi zafi. Ƙaddara ilimin Allah ce, ba a nuna mana takardar ba. Kowa ya san labarin mai raƙumin da aka umarta ya ɗaure abinsa tukuna.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke jefa wa mara lafiya kalmar tawakkali kamar sadakar da ba ta ci mana komai ba. Mace na naƙuda a ƙauye, hanya ba ta biyuwa da dare saboda 'yan bindiga, mai babur ya ce sai gari ya waye kuma kuɗinsa ya ninka, miji ba ko sisi. Da safe sai mu zo da manyan riguna mu ce a yi haƙuri, haka Allah Ya so. Haƙuri nata ne, wannan ba gardama. Namu rabon a wannan jarrabawar shi ne kuɗin babur ɗin, kuma shi ne muke tsallakewa. Haka bayan ambaliyar Gummi ta 2024, an yi ta jaje, amma mutum nawa ne a cikinmu ya tambayi wane ruwa masu kwana a makarantu suke sha?

Kuma muna mantawa da namu masu jinyar. Yarinyar da aka turo daga wata jiha ko wani gari ta riƙe ƙaramin asibitin ƙauye, ita ma baƙuwa ce kamar abokina. In ta kwanta ciwo wa ke kai mata kunu? Shi abokina, tsofaffin mata a cocinsu ne suka tara kuɗin tafiyarsa da na maganinsa, wasu da ɗari biyu, wasu da ɗari biyar. Mu da muke da zakka da waƙafi a cikin addini, har da hukuma a jiha, bai kamata a ce an fi mu wannan ba.

Shawarata ƙarama ce. Kowane masallacin Juma'a a Anka da Gummi da Bukkuyum ya ware asusu guda na kai mara lafiya asibiti kawai, ba na fenti ko lasifika ba. A samu mutum uku amintattu, a yi yarjejeniya da masu babur biyu ko uku da za a kira ko babu kuɗi a hannu, a riƙa karanta lissafi duk ƙarshen wata bayan sallah. Mun gwada magana da limamin unguwarmu, ya ce a kawo masa a rubuce. Takardar na hannuna, saura sa hannu, kuma wanda ke son kwafi don kai wa nasu limamin ya yi mini magana.

Abokina dai ya warke, ya ƙarasa wata shidansa, ya dawo da rama da Hausar Nijar a bakinsa.