Lasisin bindiga ya wuce, katin ɗalibi ya maƙale: wa ake so ya jefa ƙuri'a?

Jama'a, duk mai son sanin wanda gwamnati ke maraba da ƙuri'arsa, to ya duba jerin katunan shaidar da ta amince da su a rumfar zaɓe. Ni dai a nan nake fara karatun 'yan siyasa.

A shekarar 2011 jihar Texas ta Amurka ta kafa dokar da ta tilasta nuna katin shaida mai hoto kafin a jefa ƙuri'a. Lasisin yawo da ƙaramar bindiga a ɓoye ya samu shiga jerin, amma katin ɗaliban jami'o'in jihar bai samu ba. Masu kare dokar sun ce ai ba a ba da lasisin sai an binciki mutum, an ɗauki zanen yatsunsa. Haka ne, amma a 2014 wata kotun tarayya ta gano cewa kimanin mutum 600,000 masu rajista ba su da ko ɗaya daga cikin katunan, kuma abin ya fi taɓa baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka.

Kada wani ya ce ina ruwanmu da Texas. A nan Birtaniya an haramta ƙananan bindigogi tun 1997, bayan kisan yaran makaranta a Dunblane, don haka maganar lasisin ba ta taso ba. Sai dai salon bai bambanta sosai ba. Dokar zaɓe ta 2022 ta kawo tilascin nuna kati, aka fara aiki da ita a Ingila a watan Mayun 2023. Katin Oyster na 'yan shekara 60 zuwa sama ya karɓu, na ɗalibai kuwa a'a. A zaɓen gama-gari na Yulin 2024, hukumar zaɓe ta ce kusan mutum 16,000 aka juya ba su dawo ba. Shi kansa Boris Johnson, wanda gwamnatinsa ta kawo dokar, sai da aka mayar da shi gida a Mayun 2024 don ya manta da nasa.

Ban ce neman shaida laifi ne ba. A gida Najeriya ma ba ka zaɓe sai da katin dindindin, ga kuma na'urar BVAS. Amma can kati ɗaya ne ga kowa. Matsalar jerin katuna ita ce wani ne ke zaunawa ya zaɓi wanda zai shiga, kuma mai rabon nama ba ya mantawa da gidansu.

To mu a Camberwell mene ne abin yi? Ɗan Najeriya ko Gana mai izinin zama yana da ikon zaɓe a matsayin ɗan ƙungiyar Commonwealth, kuma fasfonsa ya wadatar, ko da ya ƙare, muddin hoton na kama da shi. 'Yan'uwanmu na Nijar kam sai sun samu takardar zama 'yan ƙasa. Wanda ba shi da fasfo ko lasisin tuƙi zai iya neman Voter Authority Certificate kyauta daga ƙaramar hukumar Southwark ko Lambeth, bayan ya yi rajista.

Iyaye na gida, in kun kira yaranku da ke karatu a Landan, ku tambaye su ko sun yi rajista. Kuɗin haya, dokar biza da layin asibiti duk a akwatin nan ake yanke su.