Hannu da Alƙalami: Kira ga 'Ya'yanmu Masu Karatun Zane

 A wannan wata za mu taɓo wani fanni ne da ba kasafai ake hirarsa a zaurukanmu ba, wato karatun zane da tsara kayayyaki, abin da a jami'a ake kira tasmim. Mun san yadda abin yake a ƙauyukanmu na Jazira da Sinnar da Nilul Azraƙ. In yaro ya ce ya sami gurbin karatun likita ko injiniya, sai gida ya ɗauki guɗa. In kuwa ya ce kulliyar zane aka ba shi, sai uba ya yi shiru, daga baya ya tambaya ko wannan ma karatu ne. Shi kuma yaron yakan tafi da zaton tunda hannunsa ya iya, ai ya gama. Da uban da ɗan, kowa akwai abin da ya kamata ya ji.

Da farko dai wannan karatu ba baƙo ba ne a Sudan. Tun a tsakiyar shekarun 1940 wani Bature malamin zane mai suna Greenlaw ya buɗe makarantar zane a cikin Kwalejin Gordon ta Hartum. A 1951 aka mayar da ita cikin makarantar fasaha ta Hartum, wadda a 1990 ta zama Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan. Ta wannan makaranta ne manyan masu zanen ƙasar nan suka biyo, irin su Usman Waƙi'alla gwanin rubutun Larabci, da Ahmad Shibrain, da Kamala Ibrahim Ishaƙ, da Ibrahim Salahi. Ana koyar da zanen yadi, da tsara littattafai da allunan talla, da ginin tukwane, da rubutun hannu na ado, da tsara kayan masana'antu. Iyayen da ke tsoron batun surar mai rai, sai su tuntuɓi malamai, amma su sani yawancin waɗannan sassa aikinsu ado ne da tsari.

Labarin Salahi ya isa darasi. An haife shi a Umdurman a 1930, mahaifinsa malamin Alƙur'ani ne. Ya tafi Landan a 1954 ya yi karatu a makarantar Slade, ya komo a 1957 da salon zanen Turawa a hannunsa, sai ya tarar aikin bai shiga zuciyar mutanen ƙasarsa ba. Abin da ya yi shi ne ya koma ga allon da ya tashi da shi, da harufan Larabci, da adon da talakawa ke yi wa kayansu na gida. Daga nan ne aikinsa ya tsaya da ƙafarsa, har ta kai a 2013 gidan Tate Modern na Landan ya shirya baje kolin ayyukansa na tsawon rayuwa. To, abin da Salahi ya je Ingila ya dawo kafin ya gane darajarsa, mu a zaure muke kwana da shi.

Dubi allon zayyana da ake yi wa yaro in zai yi sauka. Dubi tawadar da malam ke haɗawa da baƙin tukunya da ƙaro, da alƙalamin da yake fiƙewa da kansa. Ga ɗinkin hula, ga aska biyu da aska takwas a ƙirjin babbar riga, ga faifai da tabarma da uwayenmu ke saƙawa da kaba mai launi, ga ƙwarya sassaƙaƙƙiya, ga aikin dukawa, ga lallen amare. Kakanninmu sun taho da waɗannan a hannu da ka, wasu a hanyar hajji, wasu cikin hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903 wadda ta kai ga kafa garin Maiwurno, wasu kuma bayan an buɗe madatsar Sinnar a 1925 aka shiga noman auduga. Yaron da ya tashi cikin wannan ya shiga aji da jarinsa.

Amma fa jari daban, riba daban. Gwanin gida in ka tambaye shi don me ya sa ja kusa da kore, amsarsa ita ce haka muka gada, kuma amsa ce da ta ishe shi. A kulliya ba ta isa ba. Za a ajiye wa ɗalibi butar alwala a gabansa a ce ya zana abin da idonsa ya gani, ya sake, ya kuma sakewa, har sai ya daina zana butar da ke cikin kansa. Za a koya masa awo, da yadda haske da inuwa ke faɗuwa, da yadda launi ke canzawa gwargwadon maƙwabcinsa. Za a ce kafin ya taɓa yadi ko yumɓu ya gwada tunaninsa a takarda sau da yawa, ya ajiye gwajin duka, har waɗanda suka lalace, domin malami yana son ganin hanyar da aka biyo kamar yadda yake son ganin inda aka sauka. Saboda haka shawararmu ta farko ita ce kowane ɗalibi ya riƙe littafin zane a aljihu, ya riƙa cika shi kullum, a kasuwa, a bakin kogi, a tashar mota, yana sa kwanan wata a kowane shafi. Yau da gobe ita ce ke sa allura ta haƙa rijiya.

Akwai kuma wani wuri da 'ya'yanmu ke shan wuya, wato ranar da ake kafa aikin kowa a bango, malamai da ɗalibai su taru su yi masa tankaɗe da rairaya. Mu mun yi wa yaranmu tarbiyyar kunya, ba a musu da babba, ba a yabon kai. Tarbiyya ce mai kyau, Allah ya bar mu da ita. Sai dai a wannan zama, wanda ya sunkuyar da kai ya yi shiru ana ɗaukarsa bai san abin da ya yi ba. Ya kamata ɗalibi ya gane bayyana dalilin aiki cikin ladabi ba rashin kunya ba ne, kuma gyaran da aka yi wa aikinsa ba zagin iyayensa aka yi ba. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Yanzu sai mu zo ga alƙalami, inda nan ne gizo ke saƙar. Ba a ba da digiri a kan gwanintar hannu kaɗai. Akwai rahotanni a kowace shekara, a ƙarshe kuma ga bahasin kammalawa da za a rubuta a kare shi a gaban malamai. Da yawa daga masu hannun zinariya a nan suke tuntuɓe, domin sun saba da irin insha'in makarantar sakandare, inda ake samun maki da kalmomi masu daɗin ji da jimloli masu amsa amo. Rubutun bahasi ba ya son kwalliya. Abin da yake so shi ne tambaya guda ƙarama, da hujja, da faɗin inda aka samo hujjar.

Bari mu ba da misali. Ɗalibin da ya ce zai yi rubutu a kan al'adun Hausawa a Sudan ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa, zai ƙare da kwafe maganganun mutane. Amma in ya ce zai duba zanen da masu ɗinkin hula na garinsu ke yi, da abin da ya bambanta shi da tagiyar da ake sayarwa a kasuwar Umdurman, to ya sami tambayar da zai iya amsawa. Sai ya je ya zauna da masu sana'ar. Ya tambayi sunan kowane zane, ya zana shi da awonsa, ya rubuta irin zaren da inda ake sayo shi, da kwanakin da hula guda ke ci, da kuɗin da ake sayar da ita, da wanda ya koya wa mai ɗinkin. In mutum biyu suka saɓa a kan sunan zane, ya kawo maganar kowa, kada ya zaɓi wadda ta yi masa daɗi ya ɓoye ɗayar. Sa'an nan ya raba abin da ya gani da idonsa, da abin da aka faɗa masa, da abin da shi yake zato, kowanne ya kira shi da sunansa. Daga ƙarshe ya nuna yadda wannan bincike ya haifi sabon zanen da ya gabatar. Ta haka rubutun da aikin hannun za su zama abu guda.

Batun faɗin majiya kuwa bai kamata ya zama baƙo ga ɗan Musulmi ba. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai da isnadi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukh, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowa. Wannan ita ce amanar da jami'a ke nema in ta ce a rubuta sunan marubuci da littafi da shekara da shafi. A yau ga intanet, ga kuma manhajojin kwamfuta da ke iya zubo wa mutum shafuka cikin ƙiftawar ido. Wanda ya kwaso ya liƙa sunansa a kai ya ci amana, kuma ranar kare bahasi tambaya guda za ta tona shi, don ramin ƙarya ƙurarre ne. Haka nan tsohuwar da ta koya maka sunayen saƙar faifai, ita ma majiya ce. A nemi izininta, a ambace ta yadda ake ambaton farfesa.

Sai matsalar harshe. Tun 1990 aka mayar da yawancin karatun jami'o'in ƙasar nan cikin Larabci, littattafan wannan fanni da dama kuma da Turanci suke, masu sana'ar da za a yi hira da su kuwa Hausa suke yi. Ɗalibinmu ke nan yana tsakanin harsuna uku. Nauyi ne, amma kuma dama ce da abokan karatunsa ba su da ita, domin shi ne zai iya durƙusawa gaban dattijo ya gaishe shi yadda ya kamata, ya ji abin da ba za a faɗa wa baƙo ba. Muna ba da shawara a rubuta hirar da Hausa yadda aka yi ta, sa'an nan a juya ta. Sunaye irin su zayyana da dagi da aska takwas a bar su yadda suke a cikin bahasin, a yi bayaninsu da Larabci, a kuma jera su a ƙarshe da ma'anarsu. Nahawun Larabci kuma a ba shi haƙƙinsa. A rubuta da wuri, a ajiye kwana biyu, a karanta da ƙarfi, a kai wa wanda ya fi sani ya duba kafin a kai wa malami.

Wani zai ce duk wannan wahala ta mece ce? Greenlaw ɗin nan da muka ambata ya ɗauki shekaru yana auna gidajen tsohon garin Sawakin na bakin Bahar Maliya yana zana su, a 1976 aka buga littafinsa. Gidajen sun ci gaba da rushewa, har ya zama mai son sanin yadda suke dole ya koma ga zanensa da bayaninsa. A Zariya ma wani Bature, David Heathcote, ya yi bincike mai zurfi kan ɗinkin tufafin Hausawa a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a 1976 aka baje kolin fasahar Hausawa a Landan bisa aikinsa. Su ke nan baƙi sun yi. Mu da abin yake namu, wa muke jira?

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya kai Wad Madani a Disamba na wannan shekara, ya shiga jihar Sinnar a 2024, ya watsa iyalai, ya katse karatu, har gidan tarihi na ƙasa da ke Hartum bai tsira daga wawushewa ba. Kafin nan ma jama'armu ta Nilul Azraƙ ta ga tashin hankalin 2022. A irin wannan gudu ba a ɗaukar allon zayyana, ba a ɗaukar tsohuwar rigar kaka. Abin da ya saura yana cikin kan tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi. Al'ummar da ake yawan yi wa tambayar yaushe ta zo da me ta kawo, tana bukatar 'ya'yan da za su amsa da aiki mai kyau da rubutu mai hujja.

Don haka iyaye, in Allah ya ba ɗanku ko 'yarku wannan baiwa, ku sa albarka, ku sayi takarda da fensir kamar yadda za ku sayi littafin likita, ku buɗe musu akwatunan tsofaffin kaya su gani su auna. Masu sana'a kuma, in yaro ya zo da littafi yana tambaya, ku yi haƙuri da shi, kada ku ɗauka asirinku ya zo sata. Ɗalibanmu, duk wanda ya kammala bahasi a kan wata sana'a tamu, ya aiko mana da taƙaitaccen bayaninsa da Hausa, za mu ba shi wuri a wannan fili in Allah ya so.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa, ya sa albarka a karatun 'ya'yanmu. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa. Wassalam.