Mai Neman Shiga Soja Ya Fara Sanin Inda Wutar Take

Sanin kowa ne cewa a duk shekara, da zarar an ba da sanarwar buɗe ƙofar neman shiga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna, ko aka ce za a ɗebi sababbin kurata zuwa Defo na Zariya, sai garuruwa su cika da matasa masu shiri. Bayan sallar Asuba sai a gan su a gefen titi suna sassarfa, wasu suna ɗaga ƙarfe, wasu kuma sun duƙufa a kan 'yan ƙananan littattafan tambaya da amsa da ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa. Wane ne babban hafsan hafsoshi? Wane ne ministan tsaro? A wace shekara aka kafa NDA? Matashi ya haddace 1964, ya rufe littafi, yana ganin ya gama da sashen al'amuran yau da kullum.

Alal haƙiƙa bai ma fara ba. Sunayen da yake haddacewa ba su da tabbas. A watan Oktoba na 2025 Shugaba Tinubu ya sauya manyan hafsoshin tsaro, inda Janar Olufemi Oluyede ya gaji Janar Christopher Musa a kujerar babban hafsan hafsoshi, sannan a watan Disamba na shekarar aka naɗa shi Janar Musa ministan tsaro bayan Muhammad Badaru Abubakar ya ajiye aiki. Ke nan littafin da aka buga a damina, kafin ƙarshen kaka ya zama takardar ƙunshe ƙosai. Abin da ba ya tsufa da sauri shi ne fahimtar yadda fitinar ta taso, da inda ta dosa, da dalilin da ya sa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wannan fahimtar ce za ta amfani matashi a gaban kwamitin tantancewa, ita ce kuma zai buƙata ranar da aka ɗora masa mutum talatin aka ce ya kai su daji ya dawo da su.

Abu na farko da ya wajaba ya sani shi ne cewa cibiyar ta'addancin duniya ta yi ƙaura. Akwai wata cibiyar nazarin tattalin arziki da zaman lafiya da ke Sidni a ƙasar Ostireliya, wadda take fitar da rahoto duk shekara a kan wannan al'amari. A ƙididdigarta ta shekarar 2014, wato shekarar da ƙungiyar IS ta kama birnin Mosul, Iraƙi ce a sahun gaba, kuma ƙasashe biyar, Iraƙi da Nijeriya da Afganistan da Pakistan da Siriya, su ne suka kwashi kashi 78 cikin ɗari na mutanen da aka kashe. A waccan shekarar Boko Haram ce ta fi kowace ƙungiya a duniya zubar da jini, da mutum 6,644. Bayan shekara goma sai lissafi ya juya. IS ta rasa Mosul a 2017, ta rasa tungarta ta ƙarshe a Siriya a 2019. A ƙididdigar 2023 da ta 2024 Burkina Faso ce ta zo ta ɗaya, kuma a 2024 fiye da rabin waɗanda ta'addanci ya kashe a duniya baki ɗaya a yankin Sahel aka kashe su. A shekarar ce adadin na Jamhuriyar Nijar ya kusa ninkawa, ya haura mutum 900.

To ina ne Sahel? Ai ƙofar gida ce. Daga Illela a tsallaka Ƙonni, daga Jibiya a tsallaka Maraɗi, daga Kamba a tsallaka Gaya. Matashin da zai iya faɗin babban birnin Amurka da na Ingila, amma a ba shi taswira ya kasa nuna inda iyakokin Mali da Burkina Faso da Nijar suka haɗu, wane irin shiri ya yi? Hausawa na cewa idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A wannan karon ma wutar ta riga ta lashi gemun kowa.

Wannan ba yana nufin sauran duniya ta huta ba. Bayan Amurka ta kwashe sojojinta daga Afganistan, 'yan Taliban suka koma mulki a watan Agusta na 2021, reshen IS na can yankin ya ci gaba da kai hare-hare har wajen iyaka. A watan Janairu na 2024 ya tayar da bama-bamai a birnin Kerman na Iran, a watan Maris kuma aka kashe mutum fiye da 140 a wani zauren taro a gefen birnin Mosko. A Somaliya, Al-Shabab ta shafe sama da shekara goma sha biyar tana yaƙi da gwamnati da rundunar Tarayyar Afirka. Darasin shi ne, ƙwace wa ƙungiya gari ba ya nufin an gama da ita. Takan watse ta koma rassa, kowane reshe ya nemi wurin da gwamnati ta yi sakaci ya kafa tanti.

Abu na biyu shi ne tarihin yadda wutar ta iso. A 2011 ƙungiyar tsaro ta NATO ta yi wa Libiya luguden wuta, gwamnatin Gaddafi ta faɗi, rumbunan makamai suka zama na kowa. Mayaƙa da makamai suka gangaro kudu, a 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye da ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai. Faransa ta shigo da sojoji a watan Janairu na 2013, daga baya ta faɗaɗa aikin zuwa rundunar Barkhane mai sojoji kimanin dubu biyar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawo tata rundunar Mali. Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas. Duk da wannan taron dangi, a 2017 ƙungiyoyi da dama suka dunƙule suka zama JNIM a ƙarƙashin Iyad Ag Ghali, suka bazu daga arewacin Mali zuwa tsakiyarta, zuwa Burkina Faso da yammacin Nijar.

Daga nan sai juyin mulki ya biyo baya: Mali a 2020 da 2021, Burkina Faso sau biyu a 2022, Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023. Sojojin da suka hau mulki suka sallami Faransa, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta bar Mali a ƙarshen 2023, Amurka ta bar Agadas a 2024. Ƙasashen uku suka kafa ƙawancensu na AES, suka fice daga ECOWAS a watan Janairu na 2025, suka juya ga Rasha. A watan Maris na 2025 Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi mai hedikwata a Injamena. Amma shin jini ya daina zuba? A watan Satumba na 2025 JNIM ta fara tare hanyoyin da motocin dakon mai ke bi zuwa Bamako, har babban birnin ya shiga ƙarancin mai, aka rufe makarantu na wani lokaci. Faransa ta zo ta tafi, Rasha ta zo, talaka yana nan yana binne 'ya'yansa. Matashin da ya gane wannan ba zai yaudari kansa da cewa akwai wata ƙasa ta waje da za ta zo ta share masa hawaye ba. Kowace da abin da ya kawo ta.

Abu na uku shi ne na cikin gida, kuma a nan ne ya kamata a fi tsayawa. A watan Yuli na 2009 aka yi arangama a Maiduguri, sojoji suka kama Muhammad Yusuf da rai suka miƙa shi ga 'yan sanda, aka kashe shi ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Mahukunta suka ɗauka magana ta ƙare. Abubakar Shekau ya gaje shi, abin da ya biyo baya kowa ya gani: bama-bamai a kasuwanni da tashoshi da masallatai da coci-coci, sace 'yan matan Chibok a 2014, kama garuruwa irin su Gwoza da Bama. A 2015 Shekau ya yi mubaya'a ga IS, a 2016 ƙungiyar ta dare biyu, ISWAP ta kafu a tsibiran Tafkin Chadi, a 2021 Shekau ya mutu a dajin Sambisa a lokacin da ISWAP ta rutsa shi. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin ya ci rayuka kusan 350,000 a arewa maso gabas, mafi yawansu ta hanyar yunwa da cuta, kuma akasarinsu ƙananan yara. Waɗannan da suke ikirarin addini, 'ya'yan talakawa, manoma da masunta da almajirai, su suka fi kashewa. A arewa maso yamma kuma ga 'yan bindigar daji, ga Lakurawa da hedikwatar tsaro ta bayyana a watan Nuwamba na 2024 a yankin Sakkwato da Kebbi. Hatta ita kanta NDA ba ta tsira ba, domin ranar 24 ga Agusta, 2021 'yan bindiga sun kutsa harabarta ta Afaka, suka kashe hafsoshi biyu, suka tafi da ɗaya.

Akwai wata ƙididdiga da ta fi cancantar hadda a kan duk sunayen janar-janar. A 2017 hukumar raya ƙasashen nan ta fitar da sakamakon hirar da ta yi da ɗaruruwan tsofaffin mayaƙan irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka. Kashi 71 cikin ɗari suka ce abin da ya tunzura su daga ƙarshe har suka shiga shi ne wani aiki na jami'an gwamnati, kamar kashe ko kama ɗan uwa ko aboki. Ma'ana, sojan da ya mari dattijo a shingen bincike, ko ya ƙona ƙauye saboda zargi, ya yi wa maƙiyi aikin ɗaukar kurata kyauta. A garin Moura na Mali, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sojojin ƙasar da mayaƙan waje sun kashe aƙalla mutum 500 a watan Maris na 2022, mafi yawansu farar hula. Wa ya ci ribar wannan? Babu shakka waɗanda aka je yaƙa ne.

Abu na huɗu shi ne sauyin makami. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a watan Fabrairu na 2022 ya nuna wa duniya cewa ƙaramin jirgi mara matuƙi mai arha yana iya ƙona tankar yaƙi mai tsada, kuma ƙungiyoyin Sahel sun koyi darasin. Nijeriya ta karɓi jiragen yaƙi samfurin Super Tucano guda 12 daga Amurka a 2021, ta kuma sayi jirage marasa matuƙa. Sai dai na'ura ba ta bambance mai laifi da mara laifi, mutum ne yake bambancewa. A watan Janairu na 2017 jirgin sojan sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Borno, mutum fiye da ɗari suka mutu. Ranar 3 ga Disamba, 2023 jirgi mara matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu taron Mauludi a Tudun Biri, aka rasa aƙalla mutum 85. Tudun Biri na cikin ƙaramar hukumar Igabi ne, inda ita ma Afaka take. Wani ne ya duba hoto, wani ya ce a harba. Matashin da ke neman zama hafsa ya sani cewa wata rana shi ne zai zauna a wannan kujerar, kuma jinin da aka zubar bisa ganganci ba ya bin ruwa, ko da kwamitin bincike ya yi shiru.

Wani zai ce ai duk wannan ya wuce abin da ake tambaya a jarrabawa, kuma lokaci ƙanƙane ne, ga lissafi, ga Turanci, ga JAMB da sai an tsallake ta. Gaskiya ne, waɗannan ma ba a wasa da su. To amma mai fahimta ya fi mai hadda riƙe shekaru da sunaye, domin kowane abu yana rataye da ɗan uwansa a ƙwaƙwalwarsa. Wanda ya san dalilin faɗuwar arewacin Mali ba zai manta 2011 da 2012 ba. Hanyar kuwa ba ta da tsada. Ya samu taswirar Afirka ta Yamma ya manna a ɗakinsa. Ya ware littafin rubutu guda, kullum ya saurari labaran rediyo daga tasha fiye da ɗaya, ya rubuta abin da ya faru, da wuri, da rana, da wanda ya faɗa, domin kowace tasha da inda ta karkata. Ya guji ɗaukar labarin tsaro daga hotunan da ake yaɗawa a waya ba a san asalinsu ba. Ya fara tun yanzu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka nan ya yi hattara da 'yan damfara masu cewa a kawo kuɗi su samar da gurbi. Iyaye nawa suka sayar da gona ko saniya, daga baya aka neme mai karɓar kuɗin aka rasa? Ko da ma an samu, wanda ya shiga da cin hanci, da wane baki zai hana na ƙasa da shi karɓar na goro a kan hanya?

Daga ƙarshe, kowane matashi ya binciki niyyarsa kafin ya cika fom. Idan kaki yake so don ya tsorata 'yan unguwa, ko ya rama abin da aka yi masa, to ya sani ƙasar nan ta gaji da irinsa. Idan kuwa burinsa manomin Zamfara ya koma gona, masuncin Baga ya koma ruwa, yarinya ta je makaranta ta dawo lafiya, to ya yi karatu da gaske, ya san maƙiyinsa, ya san haƙƙin wanda zai kare. Jarrabawar zaure awoyi kaɗan ce a tashi. Ta fagen daga tana ɗaukar shekaru, kuma akwai wadda ta fi su duka a gaban Wanda ba a ɓoye masa komai.

Allah Ya kawo ƙarshen wannan fitina, Ya ba matasa basira da tsoronSa.