Tambaya da Amsa: Laifin tautau ne?



A ajinmu na yaƙi da jahilci a Difa, wani manomin tattasai na bakin Komadugu ya tambaye ni: "Malam, da gaske Nasara suna kiwon gizo-gizo?"

Gaskiya ne. A Amurka da Faransa ana kiwon wani ƙato, tarantula, cikin akwatin gilashi. Macen takan kai shekara 20. Ƙwari yake ci, kamar tautau namu.

Bororon da muke kira fitsarin tautau kuwa, sau da yawa aikin wani siririn ƙwaro ne, baƙi da ja, mai zuwa wurin fitila da dare. In ya sauka jikinka, hure shi, kar ka murje. In ka murje, wanke da sabulu maza, kar ka taɓa ido.