Ƙofar Gamji Hurumin Jama'a Ce: Raddi Ga Masu Cewa A Sayar

Bayan an shafa fatihar wani ɗaurin aure a Unguwar Rimi, muna zaune ƙarƙashin rumfa ana jiran abinci, sai hira ta gangaro kan Ƙofar Gamji, lambun shaƙatawar nan na bakin Kogin Kaduna da aka raɗa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina. Wani yayana a karatu, mutum mai ilimi da nake ganin girmansa, ya kawo ra'ayin da na sha ji a bakin 'yan boko da dillalan filaye. Ya ce wurin ya riga ya mutu, gara gwamnati ta miƙa shi kacokan ga mai kuɗi ya rushe, ya gina otal da rukunin shaguna da gidajen alfarma masu kallon ruwa. Ban tanka masa a wurin ba, domin ba a ja-in-ja da babba a gaban taro. Na dai yi masa alkawarin amsa a rubuce, ga ta.

Yaya, abin da ka fara da shi gaskiya ne, ban musa ba. Wurin ya sha wulaƙanci. A 2021 hotunan wani zaki da ke gidan namun dajin lambun sun zagaya duniya, yunwa ta ramar da shi har ana ƙirga haƙarƙarinsa, kuma duk ɗan Kadunan da ya gani ya sunkuyar da kai. Gyara ya zama dole. Inda muka rabu shi ne abin da ka ɗora a kan wannan gaskiyar.

Ka ce fili ne matacce, har ka jawo ƙa'idar fiƙihu ta raya mataccen fili, wadda ta ba wanda ya raya shi damar mallakarsa. Wannan babin sananne ne, Malam Abdullahi na Gwandu ma ya keɓe masa littafi guda, Ta'alimur Radi. Sai dai ka ɗauki rabin babin ka bar rabi. Mataccen fili a wurin malaman Malikiyya shi ne wanda babu mai haƙƙi a kansa. Filin da ke kewayen gari, inda mutane ke kiwo da yin itace, da gefen rijiya, da bakin ruwan da jama'a ke amfana da shi, sunansa harimi, kuma daga nan Bahaushe ya samo kalmar hurumi. Hurumi ba ya zama matacce don ciyawa ta rufe shi. Maƙabarta ma takan cika da ciyawa, amma babu wanda ya taɓa cewa a yanka ta fuloti saboda haka. Idan kuma dokar boko kake so, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna ne bisa amana, domin amfanin kowa da kowa. Wanda aka ba ajiya, ya bar ta ta lalace, hukuncinsa ya gyara. Lalacewar ba ta ba shi izinin sayarwa.

Ta yaya ma za a kira wurin da ke cika ranar salla matacce? Ina yaro, kashegarin salla mahaifinmu kan kwashe mu mu tafi can. Ina iya tuna mai hoto yana jera mu a kan 'yar gajeriyar gadar ƙarfen nan, ƙanwata ta riƙe hannuna gam saboda tsoron ruwan da ke ƙasa, sabon lallenta yana ƙamshi, hayaƙin tsire yana tasowa daga gindin bishiyoyi. Wannan gadar ita ce gadar Lugga, wadda aka gina a Zungeru a 1904, shekara guda bayan Turawa sun ci Sakkwato, aka ɗauko ta zuwa Kaduna bayan hedkwatar Arewa ta koma nan, aka kuma ayyana ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Ba don ƙaunar Lugga nake kare ta ba. Shaida ce ta yadda aka ci mu da yaƙi da yadda aka kafa garin nan, kuma yaron makarantar gwamnati yana da haƙƙin ya taka ta ya ji labarin, ba tare da ya ratsa zauren otal ba.

Hujjarka ta biyu ita ce wadda ta fi karɓuwa a rumfar ranar nan: gwamnati ba ta iya riƙon komai, ɗan kasuwa ne kaɗai ke tattalin abin da ya zuba wa kuɗi. Yaya, amsar wannan tana cikin garin nan, ba sai mun yi nisa ba. Otal ɗin Durbar an gina shi ne domin bikin FESTAC na 1977, kuma a zamaninsa yana cikin abubuwan da Kaduna ke alfahari da su. Ya fita daga hannun hukuma ya koma na 'yan kasuwa, rikicin mallaka ya biyo baya, shari'a ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, ginin ya zama kango a tsakiyar gari, har aka rushe shi a watan Janairun 2020. Ina tattalin da ake cewa sayarwa na kawowa? A ɗaya gefen kuma ga Dandalin Murtala, wanda ya daɗe a yashe, aka gyara shi cikin aikin sabunta birnin da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2019, kuma yana nan a matsayin dandalin jama'a. Ashe hukuma na iyawa idan ta sa kanta.

Kada ka ɗauka ina korar ɗan kasuwa daga bakin kogi. A ba shi hayar rumfar abinci, da lilon yara, da kwale-kwalen yawo, da wurin ninƙaya, bisa yarjejeniya mai wa'adi wadda aka buga kowa ya karanta, in ya saɓa a karɓe. Wannan haya ce, mai ƙasa yana nan da ƙasarsa. Abin da kai ka nema shi ne takardar mallaka, wadda a ƙasar nan kan kai shekara 99. Jikokinmu ma ba za su ga ƙarshenta ba.

Ka ce za a samu aikin yi da kuɗin haraji. Za a samu, amma ka yi lissafin shiga ka manta da na fita. Mai hoto, da mai tsire, da yarinya mai awara, da mai sayar da balan-balan, da ɗan Keke Napep da ke sauke iyalai a bakin ƙofa, duk abincinsu yana rataye ne da taron talakawa. Ranar da aka ja katanga aka sa mai gadi da kaki, babu ɗayansu da zai wuce ƙofa. Ka kuma dubi aljihun mai shiga. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a ƙasa a 2024 Naira 70,000 ne. Mu ƙaddara an sa kuɗin shiga Naira 5,000 kan kowane kai: magidanci da matarsa da 'ya'ya biyar za su biya Naira 35,000, rabin albashin wata, kafin yaro ya sha ko ruwan leda. Wannan magidancin ba zai zo ba. 'Ya'yansa za su yi sallarsu a bakin kwata, alhali kogin garinsu na gudana a bayan katangar wani.

Mutanen Legas sun riga mu ganin wannan. Bar Beach ce bakin tekun da kowa ke zuwa, mai kuɗi da ɗan dako. Gaskiya ne teku na cin gaɓar, kuma dole a yi wani abu. Abin da aka yi shi ne aka cike wurin da yashi aka kafa sabon birnin Eko Atlantic na masu hannu da shuni. An tare teku, amma talakan Legas ya rasa bakin ruwansa, yau in yana son ya ga igiyar ruwa galibi sai ya biya.

Akwai kuma abin da ko mai kuɗin da kake yi wa sha'awar wurin ya kamata ya ji tsoronsa. Kogin nan daga tsaunukan Jos yake tasowa, kuma idan damina ta yi nisa, wajen Agusta da Satumba, yakan cika ya batse. An ga ambaliyarsa a 2003, an sake gani a 2012, mutanen Kigo Road da Kabala ba sa bukatar a ba su labari. Buɗaɗɗen fili mai bishiyoyi a bakin kogi wurin numfashin ruwa ne: ya hau, ya kwanta kwana biyu, ƙasa ta sha, ya janye, asarar ba ta wuce share laka ba. Idan aka cike shi da kankare aka ja masa katangar kariya, ruwan ba ya ɓacewa. Yakan nemi inda ya fi rauni, kuma inda ya fi rauni kullum gidan talaka ne a unguwar da ke gaba. Wa zai biya wannan? Ba a sa shi cikin lissafin harajin da ka yi mana ba.

Maganar cewa wurin ya zama maɓoyar 'yan shaye-shaye ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Duhu da rashin mutane ke jawo su. A sa fitilu masu aiki da hasken rana, a sare ciyawa, a ajiye masu gadi da ake biya a kan kari, a rufe ƙofa bayan isha'i. Wurin da iyaye mata ke shimfiɗa tabarma da 'ya'yansu, ɗan ƙwaya ba ya zama.

Na bar abin da ya fi damuna zuwa nan, domin shi ne ba ka ambata ba ko sau ɗaya, kuma na san ka san shi fiye da ni. Tun rikicin shari'a na 2000 da rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya na 2002, Kaduna ta rabe gida biyu. Musulmi suka tattara suka koma arewacin kogi, Kirista suka koma kudu, maƙwabtan shekara talatin suka yi musayar gidaje suna kuka. Kogin da ya ba garin sunansa, saboda kadojin da ke cikinsa, ya zama iyaka. Akwai samari a Rigasa da ba su taɓa zama a inuwa ɗaya da sa'o'insu na Sabon Tasha ba, haka su ma na can. Ka ƙirga mini wuraren da suka rage a garin nan inda iyali daga Tudun Wada da iyali daga Barnawa za su zauna kusa da juna, ba don ciniki ba, ba don jinya ba, yaransu su hau lilo ɗaya. Yatsun hannu guda sun isa. Ƙofar Gamji na cikinsu, tana bakin ruwan da ya raba mu, masu bikin salla na zuwa, masu bikin Kirsimeti na zuwa. Sunan da take ɗauke da shi ma, Gamji, kirarin Sardauna ne, wanda ya mulki Arewa daga garin nan a kan taken al'umma ɗaya. Garin da ya zubar da jini irin wanda Kaduna ta zubar ba shi da wurin haɗuwa na sayarwa, ko nawa aka taya.

Saboda haka, Yaya, na karɓi kukanka na cewa a gyara, na ƙi maganinka. Ina kira ga gwamnatin jiha da ta shata iyakar lambun ta buga a gazet, ta ware masa kason kula a kasafin kowace shekara, ta bar kuɗin shiga daidai aljihun lebura, ta kuma haɗa kai da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa wajen kula da gadar. Dabbobin da ba za a iya ciyarwa ba a miƙa su inda za a iya. 'Yan majalisar jiha da masu unguwanni da limamai da fastoci na ɓangarorin kogin biyu, ku nemi ganin duk wata yarjejeniya kafin a sa mata hannu. Kai kuma mai karatu, idan kana Kaduna, ka ɗauki 'ya'yanka ka kai su Ƙofar Gamji a sallar nan mai zuwa, ka tsayar da su a kan gadar, ka gaya musu wurin nasu ne.