Daina Ɓoye Mayen Ƙarfe a Cikin Kaya Kana Cewa "Kayan Waya Ne"

Yau da masu aika mayen ƙarfe nake, wato maganaɗisu, musamman ƙananan nan masu sheƙi na niyodimiyam da ake rubuta wa N35 har zuwa N52. Akwai wata muguwar shawara da ke yawo tsakanin 'yan kasuwa da mu masu gyara: wai ka naɗe shi a takardar alminiyam, ka cusa cikin kwali, idan an tambaye ka ka ce kayan waya ne, shi ke nan. Ɗan'uwa, wannan ba wayo ba ne, ganganci ne.

Da farko, alminiyam ba ya tare ƙarfin maganaɗisu ko kaɗan. Haka kwali, leda, katako da soso. Gwada da kanka: naɗe shi ninki goma, ka kawo allura kusa, za ka ga ta manne. To me ka rufe?

Sannan maganar ƙarya a takardar kaya. Jirgin sama yana da kamfas na maganaɗisu, irin aikin da wayarka ke yi idan ka buɗe manhajar neman alƙibla. Shi ya sa ƙa'idar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ta sa irin wannan kaya cikin masu haɗari, aji na 9, lamba UN 2807. Ma'aunin kuwa ba wuya: idan ƙunshin da ka gama ɗaurewa ya karkatar da kamfas fiye da digiri 2 daga nisan mita 2.1, dole a bayyana shi, a manna masa alamarsa, a loda shi nesa da na'urorin jirgin. Idan har daga mita 4.6 yana karkatar da shi fiye da digiri 2, ba ya hawa jirgi sai da izini na musamman. Dalilin da ya sa ejan-ejan ɗin Guangzhou ke ware lasifika da maganaɗisu daban ke nan, kamar yadda suke ware batir. Ba duk ƙarin kuɗi ne cuta ba.

Za ka ce ai kowa na yi kuma kaya na isowa. E, wani lokaci. Ranar da na'urar bincike ta kama fa? Kayanka za a riƙe, wataƙila har da na bayin Allah da aka haɗa ku kwali ɗaya, kuma sunanka ne a jikin takardar.

Abin haushin shi ne, yin daidai ba tsada. Haɗa su bibbiyu, kowanne ya juya wa ɗan'uwansa kishiyar fuska, ƙarfin da ke fita waje zai ragu sosai. Sa roba ko kwali mai kauri a tsakaninsu, don niyodimiyam kamar tangaran yake, idan biyu suka fizgi juna suna iya fashewa, kuma manyan suna datse yatsa. Ka kafe su a tsakiyar babban kwali yadda ba za su motsa ba, saboda ƙarfinsu na faɗuwa da sauri da zarar an ba da tazara. In bai isa ba, zagaye cikin kwalin da farantin baƙin ƙarfe, irin wanda maganaɗisu ke kamawa. Shi ne ke janye ƙarfin ya riƙe shi.

Kafin ka fita, ɗora wayarka a teburin katako, buɗe kamfas, duba lambar da ya tsaya. Ajiye ƙunshin a nisan mita 2.1, ka riƙa juya shi ta kowane gefe. Idan lambar ta motsa fiye da digiri 2, sake ɗauri ko ka nemi a tura ta ƙasa ko ta ruwa. Wannan gwajin gida ne fa, na kamfanin ne ake aiki da shi.

Ko a tasha za ka ba direba daga Kano zuwa Kaduna, faɗa masa abin da ke ciki. Ba ka san me za a ɗora a kai ba: katin ATM mai baƙin layi, agogon hannu, ko fasinja mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirjinsa. Ka kuma rubuta wa mai karɓa ya nisanta su daga yara, don yaro ya haɗiye biyu suna iya manne hanjinsa su huda shi, sai an yi tiyata.